Na haɗa ja da ja, kore da kore, sai komai ya mutu: na ƙona kwamfiresa ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Hankalina a tashe yake. Na cire tsohuwar na'urar daidaita zafi da sanyi da ke bangon falonmu, wato tamostat, na ɗaura sabuwa irin mai haɗuwa da wayar salula. Wayoyi biyar na tarar a bangon: ja, fari, rawaya, kore da shuɗi. Ban ɗauki hoton yadda suke ba kafin in kwance, saboda na ga wani bidiyo da ya ce launi ake bi. A ramukan sabuwar na'urar masu haruffa, na sa ja a R, fari a W, rawaya a Y, kore a G, shuɗi a C. Fuskar na'urar ta kawo haske, amma ina danna sanyi sai komai ya ɗauke, har injin sanyaya gidan da ke ciki ya yi tsit. Wani mai gyara ya duba ya ce bod ɗin, wato allon lantarkin da ke cikin injin, ya ƙone, ƙila ma har da kwamfiresa. Wani kuma ya ce fiyus ne kawai, in naɗa masa siririyar waya ya ci gaba da aiki. Akwai tsohuwa da yara a gidan. Na lalata injin ne gaba ɗaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kwantar da hankalinka game da kwamfiresa, wato injin matse gas da ke waje. Wayoyin da ka taɓa volt 24 kawai suke ɗauka, aikinsu aika umarni, kwamfiresa kuwa tana cin tata wutar ta wani layi daban mai birekarsa. Da wuya ƙwarai kuskure irin naka ya ƙona ta nan take. Abin da ka bayyana ya fi kama da fiyus ɗin da ke kan bod, ɗan ƙarami irin na mota, yawanci amfiya 3 ko 5. Ya tsinke ne don ya ceci ƙaramar taransifomar da ke rage wuta zuwa volt 24, ka ga aikinsa ya yi. Shi wanda ya ce bod ya ƙone, ka tambaye shi ko ya ɗora mitar auna wuta a tsakanin R, mai kawo volt 24, da C, mai mayar da wutar ga taransifoma, kuma nawa ya karanta. In bai auna ba, ƙiyasi ya yi maka da kuɗinka.

Shi kuma na biyun, mai shawarar naɗa waya, kada ka saurare shi ko da wasa. Abin da ya tsinka fiyus ɗin yana nan bai je ko'ina ba. In ka haɗe gurbin da waya, ko ka sa fiyus na amfiya 15 saboda shi ne a hannu, taransifoma ce za ta sha wutar har ta dahu, wani lokaci ta tafi da hanyoyin tagullar da ke jikin bod ɗin. A nan ne maganar mai gyara na farko za ta zama gaskiya, da hannunka.

Akwai abin lura a cikin labarinka. Fuskar ta kawo haske bayan ka gama ɗauri, sai da ka nemi sanyi wuta ta ɗauke. Ke nan fiyus ɗin ya tsira lokacin da kake aikin, abin da ya kashe shi yana kan Y mai tayar da kwamfiresa ko G mai tayar da fanka, domin su biyun na'urar ke haɗawa da R idan aka nemi sanyi. Zatona mafi ƙarfi shi ne ɗaya daga cikin wayoyin da ka cusa a waɗannan ramukan, a can kan bod a C take ɗaure. Da na'urar ta rufe hanya sai R ta haɗu da C kai tsaye, babu wani kaya a tsakani.

Ga inda zan daɗe, domin kusan kullum sai na ci karo da wannan magana ta bin launi, kuma na gaji da ita. Babu wata doka da ta ce jar waya R ce ko koriya G ce. Al'ada ce kawai ta masu wayarin, kuma kowa na karya ta idan ta kama. Wayar ba ta san launin rigarta ba. Abin da ke ba ta aiki shi ne sukurun da aka ɗaure ɗaya bakinta a kai, can cikin injin. Wanda ya yi wayarin gidanka ya yi ne da igiyar da ke cikin motarsa a ranar. In igiyar ba ta da rawaya, shuɗiya zai sa a Y, kuma wannan ya yi yawan da ba a ma mamakinsa. In wata waya ta katse a cikin bango, sai ya ɗauko launin ruwan ƙasa da ke naɗe a baya ya maye gurbinta, ya rufe ya kama gabansa, ba tare da ya bar wa kowa rubutu ba. Har gida na sha shiga inda aka yi jona a sama cikin silin, wayar ta fita daga injin tana fara ta ɓullo a bango tana kore.

Bari in ba ka misalin da ya yi daidai da wayoyinka biyar, wanda na gani ba sau ɗaya ba. Injin famfon zafi ne, irin wanda kwamfiresa ɗaya ke sanyaya gida ta kuma ɗumama shi, ta hanyar bawul mai juya tafiyar gas. Ja na R, rawaya na Y, fari na hitar taimako, shuɗi na bawul ɗin. Wani mai gyara a baya ya buƙaci C, wayoyi sun ƙare, sai ya cire koriyar daga G a kan bod ya mayar da ita C, ya haɗa Y da G da guntuwar waya don fanka ta riƙa tashi tare da kwamfiresa. Dabara ce sananniya, kuma tana aiki. Kai kuma ka zo ka ga kore ka ce fanka. Ka sa shuɗi a C, na'urar ta samu 'yar wutar da ta kunna fuskarta ta cikin naɗaɗɗiyar wayar da ke motsa bawul, ka ɗauka komai ya yi. Ka danna sanyi, G ta tashi, fiyus ya ce ga garinku nan. Ban ce lallai haka gidanka yake ba, amma duk alamun da ka kawo sun zauna a kai.

Shuɗiyar wayar nan ita ce ta fi kowace jefa mutane a rami. Masu bidiyo suna cewa shuɗi C ne kamar sun yi rantsuwa. A injunan famfon zafi na Rheem da Ruud, B ita ce wayar bawul, kuma lokacin ɗumi ake ba ta wuta, saɓanin yawancin kamfanoni da ke amfani da O suna ba ta wuta lokacin sanyi. A tsofaffin na'urorin Trane kuwa, B ɗin ita ce C. Harafi ɗaya, sau da yawa launi ɗaya, aiki biyu da ba su da alaƙa. Wanda ya ɗauko B ta Trane ya cusa a ramin O/B na sabuwar na'ura, ya shirya wa kansa irin abin da ya same ka. Saboda haka ko harafin ma sai an haɗa shi da sanin injin da ke gidan, balle launi. Abin da ke ba ni haushi shi ne mutumin da ya yi bidiyon bai taɓa ganin bangonka ba, ya nuna nasa gidan ne inda aka yi sa'a launuka suka dace, ya samu masu kallo, kai ya bar ka da tsohuwa cikin zafi. Har wasu da ke kiran kansu masu gyara haka suke yi, su zo ba mita, sai testa mai fitila a aljihu, wadda ba ta ma iya nuna volt 24. Su haɗa launi da launi, in abu ya ƙone su ce na'urar ce jabu.

Kuma ɓarnar bin launi ba a fiyus kaɗai take tsayawa ba. Fiyus ma rahama ce, don yana faɗa maka nan take. Akwai injunan da ba su da shi sam, taransifomar ce ke mutuwa kai tsaye. Akwai kuskuren da ba ya kashe komai, sai dai ya yi ta ci a ɓoye: farar wayar hitar taimako ta shiga W1, ramin umarnin ɗumi, an saita na'urar a matsayin injin gama-gari wanda ba famfon zafi ba, hitar lantarki ta zama ita ke ɗumama gidan ita kaɗai alhali famfon zafi na zaune, mai gida bai sani ba sai takardar kuɗin wuta ta zo. Mafi muni shi ne wanda ya ga wayoyi masu kauri, biyu ko huɗu, baƙi da ja, a cikin akwatin bango, ya ce ja ai R ce. Waɗannan wutar gida ce cikakkiya, volt 120 ko 240, irin ta hitar lantarki ta gindin bango. Tsarin volt 24 mai R da W da Y a Amurka da Kanada ya fi yawa, a Ingila da sauran Turai kuwa tamostat na tukunyar ɗumama gida sau da yawa volt 230 yake ɗauka. Duk wanda ya ga haruffan L da N, alamar wayoyin wutar gida, ko gargaɗin babbar wuta a bayan murfi, ya mayar da murfin ya kira mai lasisi. Wannan kam tana kisa.

Yanzu ga abin yi. Ka kashe birekar injin na ciki, ka kashe ta na waje. Danna maɓallin kashewa a fuskar tamostat ba ya yanke wutar R. Ka cire sabuwar na'urar, ka ware wayoyin biyar kada ɗaya ta taɓa ɗaya, ka naɗe su a jikin fensir don kada su zame cikin bango. Ka buɗe murfin injin na ciki, ka nemo inda siririyar igiyar nan ta sauka a kan bod. Sukurori ne a jere, kowane da harafinsa a buge. Ka ɗauki hoto, ka rubuta launin da ke kan kowane harafi, wannan ita ce taswirarka. Za ka ga igiya ta biyu mai zuwa waje, kada ka rikita su. In ka tarar da wata waya daga bango ba ta sauka a sukuru ba, an murɗe ta ne da wata mai fita waje, to ka bi ta, yawanci ta bawul ce ko ta kwamfiresa. Lambar injin na waje za ta gaya maka ko famfon zafi ne. Ka kuma duba tsohuwar tamostat ɗin in ba ka jefar ba, sukurorin da suke a kwance su ne waɗanda aka yi amfani da su.

Sai ka zare fiyus ɗin ka ɗaga shi ga haske, za ka ga zaren cikinsa a tsinke, wani lokaci da ɗan baƙi-baƙi a jikin robar. Ka sa sabo mai lamba iri ɗaya. Ka mayar da murfin ya zauna daram, domin akwai makunni a bakin ƙofar da ke yanke wuta in murfin bai danne shi ba, mutane da yawa sun kira ni a kan wannan kaɗai. Ka kunna bireka wayoyin bango suna ware, ka auna tsakanin R da C, mita a kan wutar AC. In ka ga 24 zuwa 28, taransifoma na da rai, kuma da alama bod ɗin ma haka. In fiyus ya sake tsinkewa tun ba ka haɗa komai ba, wayoyi sun haɗu a wani wuri cikin bango. In sai bayan ka ɗaura daidai ka nemi sanyi ya tsinke, laifin na igiyar waje ne ko naɗin kontakta, makunnin da ke tayar da kwamfiresa, wannan aikin mai gyara ne mai mita. In kuwa fiyus lafiya amma babu wuta sam, ka duba makunnin da ke kan tiren ruwan injin, wanda ke yanke wuta idan bututun ruwa ya toshe, kafin ka zargi taransifoma.

Wajen mayar da ɗauri, ka sake kashe bireka, ka bi taswirarka. In R guda ce, ta shiga inda littafin na'urar ya ce. In biyu ne, Rc da Rh, taransifoma biyu ke nan, kada a haɗe su. In ya tabbata babu C ta gaskiya, ka laluba cikin ramin ko akwai wayar da aka naɗe ba a yi amfani da ita ba, ko ka sa ƙaramar na'urar ƙari da kamfanin ya tanada don haka, ko a ja sabuwar igiya. Kada ka ɗauko C daga wayar ƙasa ta gida ko bututun ƙarfe. Ka toshe ramin bangon don iskar ciki kada ta ruɗi ma'aunin zafi. A wajen gwaji ka yi haƙuri, yawancin na'urorin nan suna jinkirta tashin kwamfiresa kamar minti 5 don kare ta. In ka nemi ɗumi ka ji sanyi, saitin O/B ne za ka juya, ba waya ba.

Tsohuwar tamostat ɗin kuma, in ka ga 'yar kwalbar gilashi a cikinta da ruwa mai sheƙi kamar azurfa, zaiba ce, guba ce. Kada yara su yi wasa da ita, kada ta shiga kwandon shara, ka sa ta a gwangwani mai murfi ka kai inda ake karɓar shara mai haɗari. In ka buɗe injin ka ga abin ya fi ƙarfinka, ka kira wani mai gyaran, amma ka tsaya a kansa ya nuna maka abin da mita ta karanta tsakanin R da C kafin ku yi maganar sayen bod.