Takardun na'urar ɗuma ruwa da zafin rana: wacce ce ke da amfani?

Wani ɗan kasuwa a Tawa ya aiko da tambaya. Yana son sauke kwantena guda ta na'urorin ɗuma ruwa daga Sin ta tashar Lome, ya sayar wa otal-otal da gidajen haihuwa. Kamfanin ya turo masa takardar CE da ta ISO 9001. Sun wadatar?

Alhaji, ba su wadatar ba. ISO 9001 shaida ce kan yadda ake tafiyar da masana'anta, ba ta auna na'urar kanta ba. CE kuma, alamar bin ƙa'idojin Tarayyar Turai, sau da yawa mai ƙera kayan ne ke liƙa wa kansa. Abin da za ka nema shi ne rahoton gwaji na ISO 9806 a kan faifan da ke kama zafin rana. In tanki da faifai haɗe suka zo daga masana'anta, ka ƙara da rahoton gwajin na'urar gaba ɗaya na EN 12976 ko ISO 9459.

Kowace kasuwa da hatiminta: Turai na da Solar Keymark, Amurka na da SRCC, Najeriya kuma, in kana tunanin tsallaka kaya ta Ƙonni, tana da tsarin SONCAP. Hatimin wata ƙasa ba ya buɗe ƙofar wata kai tsaye. Nan gida, kafin ka tura ko dala ɗaya, ka leƙa hukumar ANMC mai kula da ingancin kaya da ANERSOL mai kula da makamashin rana a Yamai, da mai fitar maka da kaya a duwan, su faɗa maka abin da ake buƙata a rubuce. Solar Keymark ya fi yi maka amfani wajen neman kwangila, don ayyukan da Turawa ke ba kuɗinsu kan ambace shi.

Kada hoton takarda ya ruɗe ka. Ɗauki lambar rajistar ka duba ta a shafin Solar Keymark na intanet, sannan ka gwada sunan samfurin da wanda ke kan takardar ciniki, harafi da harafi. Akwai masu kai samfuri ɗaya gwaji su loda maka wani.

A cikin rahoton, shafin jure ƙanƙara bai dame mu ba. Wanda ya shafe mu shi ne gwajin shigar ruwan sanyi cikin faifai mai zafi. In ruwan famfo ya ɗauke a watan Afrilu, kwalaben faifan (dogayen bututun gilashi masu ɓawo biyu da aka zuƙe iskar tsakaninsu) suka bushe, zafin cikinsu na iya wuce digiri 200. Ruwa na dawowa da tsakar rana, sai ka ji sun tsage. Shi ya sa za ka gaya wa mai haɗawa ya cika tanki da asuba ko bayan magariba.

Sauran ka sa su cikin yarjejeniya: cikin tanki ya zama ƙarfe inos (mai jure tsatsa) lamba 304, ba 201 mai saurin tsatsa ba, soson riƙe zafi kaurin milimita 50, kwalabe masu faɗin milimita 58 da tsawon mita 1.8, wajen 20 ga tankin lita 200. Ka nemi rarar kwalabe da robobin bakinsu, hanyar Lome zuwa Tawa ba ta tausayin gilashi. Ranar sauke kaya ka duba gindin kowace kwalba: mai ƙyallin azurfa lafiyarta lau, wadda ta yi fari iska ta shige ta, ka ware ta ka ɗauki hotonta. Cikon kuɗin kuma ka riƙe shi har sai lambar samfurin da ke jikin kwali ta dace da ta rahoton.