Tun da aka sabunta manhajar kiran shagonmu wayoyi suka daina ringin: mu koma wa tsohuwar?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, nan Legas, ina harkar albasa da tattasai da ake yo mana lodi daga Arewa. Bara wani kamfani ya haɗa mana lambar shago guda ɗaya mai aiki da intanet. In kwastoma ko direba ya kira ta, wayata da na yarana biyar duk sai su ɗauki ringin ta cikin wata manhaja, wanda ke kusa ya amsa. Kwanan nan manhajar ta sabunta kanta, shi ke nan abubuwa suka rikice. Wayoyi uku ba sa ringin in an kulle su, sai daga baya mu tarar an kira. Yaro ɗaya yana jin mai kira amma shi ba a jin sa. Ni kuma abin kunnena na Bluetooth ya daina kamawa. Wani mai gyara ya ce in kawo ya sa mana tsohuwar manhajar daga wani shafi, ya kuma toshe sabuntawa gaba ɗaya. In yarda?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi. Kada ka yarda tukuna. Abin da ka lissafo matsaloli uku ne daban-daban da suka haɗu a lokaci guda, kuma a irin wannan yanayi, galibi manhajar lafiyarta ƙalau, wayar ce ta ɗaure mata hannu.

Bari mu fara da rashin ringin, don shi ne ke cinye maka ciniki. Kiran layi na yau da kullum, wanda ke shigowa ta katin SIM, wayar kanta ce ke sauraronsa dare da rana, ba ta barci a kansa. Kiran manhaja ba haka yake ba. Mai kira yana fara isa na'urar kamfanin da ya ba ka lambar, ita kuma sai ta nemo manhajar da ke cikin wayar yaronka ta intanet. In manhajar na farke, magana ta ƙare. In kuwa wayar ta kwantar da ita, dole a aika ɗan gajeren saƙon da zai tashe ta: a Android saƙon yana bi ta hanyar Google da ake kira Firebase Cloud Messaging, a iPhone kuma ta hanyar Apple. Duk wannan kai-komo sai ya kammala cikin 'yan daƙiƙoƙi, kafin mai kira ya gaji ya ajiye.

To ina gizo ke saƙar? Tun 2015, lokacin da Android 6 ya fito, Google ya sa wani tsari mai suna Doze. In an kashe allo, waya ba ta kan caji, an kuma ajiye ta wuri guda, sai ta fara hana manhajoji taɓa intanet don batir ya daɗe. Masu ƙera waya ba su tsaya nan ba, kowa ya ƙara nasa. Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk 'yan gida ɗaya ne na kamfanin Transsion, suna da wurin da ake zaɓar manhajar da za ta iya tashi da kanta, ga kuma Phone Master mai share abin da ke aiki a bayan fage. Samsung na da jerin manhajojin da ya sa barci. Redmi na da nasa Autostart. Kamar maigadi ne da aka ce ya rufe ƙofar kasuwa da dare: bai san wane ne ɗan gida ba sai wanda aka rubuta masa sunansa, kowa korar sa yake yi.

Sabuntawa tana shigowa cikin lamarin ta fuska biyu. Wani lokaci sabon zubin manhajar yana bin sababbin ƙa'idojin Android, sai ya buƙaci izinin da tsohon bai taɓa nema ba. Wani lokaci kuma, kuma wannan ya fi yawa, yaro ne ya ga abu ya ɗan canza, sai ya goge manhajar ya sake sauko da ita. Da zarar ya yi haka, duk izinin da mai haɗawa ya saita muku tun farko ya tafi. Daga Android 13 na 2022, manhajar da aka sauko da ita sabuwa ba ta da ikon nuna sanarwa sai an ba ta. Tambayar takan faɗo a allo da Turanci, yaro na tsakiyar ƙirga buhu, ya danna Don't allow don ta kauce masa. Android 14 na 2023 ya ƙara wani izinin daban, na cika allo da hoton kira lokacin da waya ke kulle.

Ga abin da za ka sa a yi wa kowace waya cikin ukun. A danne alamar manhajar har App info ya fito. A shiga Notifications a kunna komai, musamman na kira mai shigowa. A shiga Battery a zaɓi Unrestricted, ko duk kalmar da wayar ta yi amfani da ita mai nufin kada a takura mata. A duba wurin data a tabbatar an bar ta ta yi aiki a bayan fage ko da Data Saver na kunne. Sannan a nemo Auto-start a saitin wayar ko cikin Phone Master a kunna mata. A ƙarshe a buɗe jerin manhajojin da aka yi amfani da su kwanan nan a sa mata ɗan kwaɗon nan, don kada a share ta tare da sauran.

Akwai halin mutanenmu da ba zan tsallake ba. Saboda wutar Legas ba ta da tabbas, yaran kasuwa da yawa suna barin waya a kan tsarin tattalin batir tun safe, ko da tana da kashi tamanin. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wasu suna kashe data ɗungurungum sai za su duba saƙo. Wayar da datarta ke kashe, kuma ba ta kan wayfay, ba za ta taɓa karɓar kiran manhaja ba, ko wane zubi aka sa mata. Alhali muryar ba ta da ci: ko da tsarin aika murya na G.711, wanda ke cikin masu nauyi, minti ɗaya bai kai megabayit ɗaya da rabi ba. Bidiyon da yaron ke kallo lokacin cin abinci ya fi kiran yini guda cinye data. In kana so lambar shago ta yi aiki, ka ɗauki datar wayoyin nan da ƙaramin batirin caji na aljihu a matsayin kuɗin shago, kamar kuɗin 'yan dako.

Wajen gwaji ma ana yaudarar kai. Mai gyara zai riƙe wayar a hannu, allo a kunne, ko tana jone da caji, ya kira ta yi ringin, ya ce ya gama. A wannan hali ai ba ta yi barci ba. A cire ta daga caji, a kulle, a ajiye kan benci kamar rabin awa ba mai taɓawa, sannan a kira lambar shagon daga wani layi. In ta yi ringin a haka, to ta gyaru.

Yaron da ba a jin muryarsa, a fara da abu mai sauƙi: izinin makirfo. Tun Android 11 akwai zaɓin ba da izini na sau ɗaya tak, kuma mutane na danna shi ba su lura ba. Daga Android 12 kuma, in manhaja na amfani da makirfo, wani koren ɗigo yana bayyana a saman allo. Ya yi kira ya duba. Ba ɗigo, to makirfon ne ba a ba ta ba. In akwai ɗigo amma har yanzu ba a jin sa, ya kashe wayfay ya koma datar layinsa ya sake gwadawa. Dalili shi ne, a irin waɗannan manhajoji, saƙon da ke haɗa kira da ita muryar kanta hanyoyi biyu suke bi. Kira na iya haɗuwa lafiya, muryar ɓangare ɗaya ta maƙale a rautar shago, wato na'urar da ke raba wayfay. Rautoci da yawa suna zuwa da wani saiti mai suna SIP ALG a kunne, wanda aka yi don taimako amma ya yi ƙaurin suna wajen jawo magana mai gefe ɗaya. In a data ana jin sa, a wayfay ba a ji, a kashe wannan saitin, ko kamfanin ya mayar da ku kan haɗi mai kariya na TLS, wanda rautar ba ta iya sa masa hannu.

Abin kunnenka kuwa, Alhaji, na fi zaton izinin Nearby devices ne, wanda Android 12 ya ware wa Bluetooth. Ka ba manhajar shi, ka cire abin kunnen daga jerin wayar ka sake haɗa su.

Akwai kuma abin da ba ka ambata ba amma na san kana gani, tun da kusan kowa a kasuwa layi biyu gare shi. In kana magana ta manhaja da datar layi na ɗaya, aka kira ka a layi na biyu, a yawancin wayoyi datar takan tsaya har ka gama da wancan kiran. Wannan ba laifin sabuntawa ba ne, haka aka ƙera su. Haka nan murya mai tsinkewa da sassafe, lokacin da tireloli suka iso kowa ya ɗaga waya a lokaci guda: turken sabis ɗin unguwar ne ya cika. Ma'aunin ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ya nuna cewa in jinkirin murya ya wuce kamar milisakan 150, masu magana za su fara hawa kan juna, kuma ba manhajar da za ta iya maganin wannan.

Yanzu ga shawarar mai gyara. Ba na cewa sabuntawa ba ta zuwa da aibi, tana zuwa. A watan Maris na 2021 wata sabuntawa ta Android System WebView, ɓangaren da ke buɗe shafukan intanet a cikin manhajoji, ta sa manhajoji da dama, har da Gmail, suna rufe kansu a wayoyin duniya, sai da Google ya fitar da gyara. Amma ka lura, gyaran ta gaba ya zo, da wata sabuntawar. Tsohuwar manhaja daga shafin da ba ka sani ba kuwa, ka tuna me za ka miƙa mata: makirfo, lambobin duk kwastomominka, da wayar da manhajar bankinka ke ciki. Ba ka da hanyar sanin ko an cusa mata wani abu. Kafin a sa ta ma sai an goge wadda ke kan wayar yanzu, ka sake rasa duk saitin da ka wahala a kai. Ko ta yi aiki, na ɗan lokaci ne, domin kamfanoni suna yanke tsofaffin zubi daga na'urarsu. WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da ke ƙasa da Android 5 a Oktoban 2023, Skype kuma Microsoft ya rufe shi kacokan a Mayun 2025.

Abin da na fi so ka yi shi ne ka riƙe linzamin lokacin. A Play Store, a shafin manhajar, akwai ɗigo uku a sama inda za a cire alamar sabuntawa ta kai tsaye ga ita kaɗai, sauran manhajoji su ci gaba da nasu. In sabon zubi ya fito, a fara sa shi a wayar yaro ɗaya, da yamma bayan kasuwa ta lafa, ba daren da ake jiran mota daga Sakkwato ko Aliero ba. A yi gwajin bencin nan, a yi kira a wayfay da data, a gwada Bluetooth. Ya yi kwana biyu lafiya, sauran su bi. Kada dai jinkirin ya zama watanni, don cikin sabuntawar ne ake toshe kafofin tsaro. Kada kuma ka yi mamaki in wayar wani ta ga sabon zubi ta wani ba ta gani ba, kamfanoni kan sake shi ne kashi-kashi.

Kamfanonin kirki suna wallafa bayanin kowane zubi tare da jerin matsalolin da suka riga suka sani, wani lokaci har da sunan wayar da abin ya shafa da dabarar kewaye shi kafin gyara. Ka sa yaronka mai karatu ya riƙa dubawa. Kafin kuma a taɓa saitin komai, a tambayi maƙwabta ko su ma intanet ɗinsu na ba da matsala. Ranar 14 ga Maris 2024, da igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, wanda ya goge manhajarsa a Legas wahalar banza ya sha, don matsalar tana can cikin ruwa.

Masu karatu da ke ciniki da WhatsApp Business, duk bayanin batir da izini ya shafe ku, da ƙarin abu ɗaya: tun 2023 akwai Silence unknown callers a ƙarƙashin Privacy. In yana kunne, sabon kwastoman da ba ka da lambarsa zai yi ta kira wayarka shiru. Masu iPhone sun fi samun sauƙi, domin tun 2016 Apple ya ba manhajojin kira damar amfani da allon kiran wayar kanta. Su dai duba Focus, saitin da ke iya sa kira ya shigo shiru.

In an bi duk wannan wata waya ta ƙi, lokacin kiran kamfanin ya yi. Kada a ce musu "ba ta aiki" kawai, za su ce a kashe a kunna. A ba su samfurin wayar, lambar Android ɗinta, lambar zubin manhajar, layin da ake amfani da shi, da ainihin ranar da mintin da kiran ya ɓace, don su nemo shi a rajistarsu su ga inda ya tsaya. Sannan ka nemi su saita maka cewa in an kira lambar shago ba wanda ya ɗauka cikin daƙiƙa 20, kiran ya juya kai tsaye zuwa layinka na SIM. Yawancin irin waɗannan tsare-tsare suna da wannan damar. Ka tambaye su nawa suke caja a minti kan kiran da aka juya kafin ka ce a kunna.