Amsa: zuba wa talotalon daji masara ko shuka masa gona?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, barka da zuwa jihar Misuri ta Amurka. Ka ce abokin aikinka ya gayyace ka farautar talotalon daji a watan Afrilu, kuma kana mamakin yadda doka ta hana zuba masara amma ta bar mutum ya shuka gona don tsuntsun, alhali duka yaudara ce da abinci. Na daɗe ina wannan farauta a nan, kuma ni ina ganin da bambanci, ko da yake bai kai yadda masu gonaki ke kambama shi ba.

Duba yadda abin ke aiki. Wanda ke zuba masara yakan kafa ganga mai agogo, ta riƙa watsa ƙwaya a wuri guda, a lokaci guda, kullum. Kafin a jima tsuntsayen sun haddace lokacin, sun zama kamar kajin gida da ke jiran tsaba. To ina farauta a nan? Farautar wannan lokaci gaba ɗayanta kira ce: ka fita kafin asuba, ka saurari inda namijin ke cara daga kan bishiya, ka kwaikwayi kukan mace, ka zauna ko ƙifta ido ba ka so ka yi, don ganinsa ya fi naka nesa ba kusa ba. Sau da yawa shi ke cin nasara, ka dawo hannu rabbana. Ganga tana cire duk wannan.

Abin da ya fi damuna ma shi ne ɓarnar da ba a gani. Masarar da ta sha ruwa a ƙasa tana yin fumfuna, ta haifar da gubar aflatoksin, wadda muka sani a gyaɗa, kuma tana lalata hantar tsuntsu. Tara su a wuri ɗaya na yaɗa cuta ta kashinsu. Sannan ba talotalo kaɗai ke zuwa ba. Rakun (wata 'yar dabbar dajin Amurka mai ɓarna da dare) da aladun daji na biyo masarar, su kuwa masu fasa ƙwai ne, ga mace kwance a ƙasa kan ƙwanta kusan kwana 28.

Gona kuwa a baje take, tsuntsu na iya ɓullowa ta kowane gefe ko ya ƙi zuwa. A jihohin kudancin ƙasar nan abin da aka fi shuka masa aya ce, ayar da muke tauna, ya tono ta da ƙafa. Wasu na shuka ciyawar kuloba, wadda ke tara fari da ƙwari, su ne abincin 'yan tsaki a makonninsu na farko. An rufe farauta, gona na nan tana ciyarwa. Ganga kuwa ranar da mai ita ya samu abin da yake so ya daina cika ta. Kada a manta tsuntsun nan ya kusa ƙarewa a shekarun 1930, da kamawa ana sakewa a wasu dazuzzuka aka farfaɗo da shi, da kuɗin harajin bindiga da harsashi na dokar 1937.

Amma fa a faɗi gaskiya: wanda ya shuka 'yar gonar da ba ta kai rubu'in eka ba, ya kafa bukkar ɓuya a bakinta, bai yi nisa da mai ganga ba, illa dai doka na bayansa. Kuma shuka sai mai fili da tarakta, shi ya sa ba na ɗaga wa talakan Teksas hanci, inda doka ta yarda a zuba a filin mutum a yawancin jihar.

A Misuri dai haramun ne, kuma ana ɗaukar wuri a matsayin mai ɗauke da abincin jan tsuntsu har kwana 10 bayan an kwashe shi tas. Tambayi abokin naka kai tsaye ko akwai gangar zuba wa barewa masara a filin, da ranar da aka share wurin, kafin ka sayi lasisi. In ya fara kame-kame, ka nemi dajin gwamnati kawai, ka je da wanda ya iya kira.