Na Karanta Littafin Soyayyar 'Yata Har Na Yi Kuka, Ina Da Zunubi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matar aure ce a Jekadafari cikin Gombe, shekaruna 42. Na karɓi wayar 'yata mai shekara 16 don in ga me take ta karantawa, sai na tarar labarin soyayya ne na wasu 'yan sakandare, irin wanda ake turawa a WhatsApp. Babu batsa a ciki. Na ce bari in duba shafi biyu, sai ga ni har ƙarfe uku na dare ina hawaye, Asuba ma sai da rana ta fito na yi. Yaron labarin ya tuna min da wanda ya so ni kafin a yi min aure, har na nemo hotonsa a Facebook. Tun ranar, in maigida ya dawo daga kasuwar Tudun Hatsi sai in ga ko magana mai daɗi bai iya ba. Wata malama ta ce ƙagaggen labari ƙarya ne, karanta shi haramun. Ina da zunubi? In hana yarinyar?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Baiwar Allah, littafi kika tambaya, amma hoton nan da kika nemo ya fi tsaya min a rai. Zan zo kansa.

Maganar malamar akwai waɗanda suka tafi a kanta, suna kafa hujja da hadisin Abu Dawud da Tirmizi mai narkon azaba ga wanda yake ƙarya don ya ba mutane dariya. Ina ganin girmansu, amma hujjar ba ta hau nan ba. Ƙarya ita ce ka faɗa wa mutum abin da bai faru ba don ya ɗauka ya faru. Marubuciya da mai karatu kuwa tun shafin farko sun san ƙirƙira ce, to wa aka yaudara? Mu da muka yi karatun zaure mun durƙusa gaban malamanmu da Muƙamatul Hariri, muƙama 50 cike da ƙagaggun labaran wani mai suna Abu Zaid yana wasa da hankalin jama'a. Hariri ya rasu a shekara ta 516 bayan Hijira, kuma tun a gabatarwa ya kare kansa, ya kwatanta aikinsa da labaran da ake sa wa dabbobi a baki. Sama da shekara 900 malamai suna karantar da shi. In an ce ai wannan soyayya ce, to Ka'abu ɗan Zuhairu da begen Su'ada ya buɗe ƙasidarsa a gaban Manzon Allah (SAW), ba a katse shi ba. Hukuncin labari yana bin abin da ke cikinsa ne da inda ya kai mai karatu. Mai batsa haramun ne, wannan ba saɓani.

Hawayenki ba zunubi ba ne. Sahabi Mugisu ya bi Barira, matarsa da ta rabu da shi, a lungunan Madina hawaye na zuba a gemunsa, Annabi (SAW) bai tsawata masa ba, sai ma ya sa masa baki. Abin da zuciya ta raya an yafe, matuƙar ba a furta ko an aikata ba. Asuba kin rama, ki yi istigfari kan daren da kika raba a banza.

Amma rubuta sunan mutumin nan da yatsanki, wannan ya tashi daga zancen zuci, ya zama aiki. Nan hukuncinki ya bambanta da na wata da za ta karanta ta rufe ta yi barcinta. Ke yanzu irin waɗannan littattafai ki bar su, domin a mazhabarmu ta Malikiyya ana toshe ƙofar da aka ga tana kai wa ga ɓarna. Ki daina leƙa shafinsa. Kada Shaiɗan ya ce miki ai gaisuwa ce kawai, da yawan saƙonnin da suka kashe aure da sallama aka fara su. Kuma ba sai kin faɗa wa maigida ba, abin da Allah ya rufa kada ki tona. Shi yaron labari ba ya biyan kuɗin makaranta, ba ya wuni cikin ƙurar buhunan masara, alƙalami ne ya zaɓa masa kalamai. In kina kewar magana mai daɗi, ki fara yi wa mijinki ita ko da za ki ji nauyi.

Yarinya kuwa, ƙwace waya ba zai hana ta ba, ɓoyewa za ta koya. Ki tambaye ta wa ke turo mata, wane rukuni take ciki, don wasu labaran da tsabta suke farawa, sai an shiga ɓangaren kuɗi ƙazantar ke fitowa. Ki sa mata lokaci, waya ba ta kwana a hannunta. Na kuma lura kin ce "kafin a yi min aure". In lokacinta ya zo, ki tsaya ku ji ta bakinta ke da mahaifinta kafin a amsa wa kowa.

Wallahu a'alam.