Amsa ga ɗana a kan fita bida a ƙasar Adar

Ɗana, bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, ya karatu, ya zafin Yamai. Innarka tana gaishe ka. Na ga tambayarka: me ya sa a wurinmu Adarawa saurayin da bai taɓa fita bida ba, wato ci rani, ake masa kallon wanda bai gama girma ba, har iyayen yarinya su riƙa jan ƙafa in ya zo neman aure, kuma wai addini ne ya kawo haka ko gadon Buzaye ne, kamar yadda abokanka suke faɗi.

Ba ko ɗaya. Ƙasar da kanta ce ta haifi al'adar. Ka tuna hanyar Tawa zuwa Keita ko Buza, yadda mota ke hawa tudun dutse, ka duba dama da hauni ba ka ganin kome sai tsakuwa da fako. Ba a banza ake cewa Adar Dutsi ba. Albarkar tana cikin kwaruruka, irin Magiya da kwarin Keita da na Badagishiri, da bakin tafkuna irin na Tabalak da Ɗan Dutsi, kuma ba kowane gida ke da rabo a can ba. Mafi yawanmu gonar tudu gare mu, damina wata uku ko huɗu, in ta yi kyau. To, sauran watannin fa?

Ga yadda kakanninka suka tsara abin. Da an gama kaka an kai damman hatsi gida, maigida ya rufe rumbun gandu, ba mai taɓa shi sai ruwan shuka ya sauka, don da shi za a yi fura a kai wa masu noma. Mata da yara su lallaɓa da abin gayauna da ɗan wake. Samari kuwa su fita, bakinsu ya ragu daga kan abincin gida, su samo kuɗin tufa da na aure. Sharaɗin guda ne, kuma ba a wasa da shi: hadarin farko ya tarar da kai a gida. Wanda aka yi shuka ba ya nan, shi ne abin kunya, ko da me ya zo.

Tarihi ma ya sa hannu. Adar ƙaramar ƙasa ce tsakanin manya, Abzin a arewa, Gobir da Kabi a kudu. Azna ne masu ƙasa tun fil azal. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci Adar daga hannun Kabawa, kuma zuriyarsa ce ke sarautar Sarkin Adar a Illela har yau. Ina jin daga nan abokanka suka ɗauko zancen Buzaye, amma Agabba sarauta ya kawo, bai kawo ci rani ba. Farkon ƙarni na 19 yaƙe-yaƙen Jilani da Ibra, wasu jagororin Buzaye biyu, suka tarwatsa garuruwa, mutane suka saba da tashi. Sai Faransawa suka zo da lanho, wato haraji, wanda ba a biya da hatsi sai da kuɗi, kuɗin kuwa yana Kano da Sakkwato da Kumasi. Daga baya hanya ta miƙe har Abijan da Legas da Kamaru, yau ga Libiya da Aljeriya.

Da ka ga dawowar ɗan bida a da, da ka gane abin da iyayen yarinya ke dubawa. Yana sauka ba ya shiga ɗakin kowa sai ya durƙusa gaban ubansa, ya kwance ƙullin kuɗin gaba ɗaya ya ajiye a kan tabarma. Uban ya ware na lanho, ya ware na iri da na hatsin da za a ƙara, ya tura masa saura. Sannan a buɗe akwati, turmin atamfa na uwa, sabulu da ɗan kunne na ƙanne, goro a raba wa dattawan unguwa. Ba yawan kayan ake aunawa ba. Ana duba ko yaron nan zai iya riƙe kuɗi wata shida cikin baƙin gari bai ci amana ba, ya kuma tuna hanyar gida.

Abin da ke ci mini rai shi ne an riƙe fitar an saki dawowar. Mutum ya yi aure, bayan wata biyu ya tafi, shekara huɗu sai murya a waya, matar na noma ita kaɗai, 'ya'ya ba su san fuskarsa ba. Wannan ba al'adarmu ba ce, kada wani ya faɗa maka haka. Kuma ƙasar wani ba ta da tabbas. An kori baƙi daga Gana a 1969, an kore su daga Najeriya a 1983, shekarar da ta biyo aka rufe iyaka ana cikin fari, yunwar da muke kira El Buhari.

Fakon ma ba kamar da yake ba. Tun 1984 aikin raya ƙasa na Keita ya sa mata, su ne mafi yawa don mazan na bida, suka jera duwatsu suka dasa itace a kan tuddai. A 1989 wasu manoman Illela suka je Yatenga a Burkina suka ga ramukan da muke ce wa tassa, suka dawo suka gina a fako, suka zuba taki, hatsi ya fito inda ko ciyawa ba ta yi. Mai rijiya a Magiya kuwa, albasar Galmi ke zuwa Abijan a madadinsa.

Kai da ke jami'a, ka riga ka fita, kuma kana zuwa hutun damina ka kama hauya. Mahamadu Isufu ta hanyar lakwal, wato karatun boko, ya bar Dandaji har ya mulki ƙasar nan daga 2011 zuwa 2021, ba wanda ya ce bai fita bida ba. In tambayar nan akwai wata yarinya a bayanta, ka faɗa mini gidan su wa, ni da baffanka za mu kai goron mu yi wa uban bayani.