Agogona ya nuna HRV ɗina bai kai na ƙanena ba: ina da ciwon zuciya ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 41, ina ɗan gudu da safe, wani lokaci in buga ƙwallo da yamma. Na sayi agogon hannu mai auna bugun zuciya, yana nuna min wani abu wai HRV. Nawa yana yawo tsakanin 35 da 40, na ƙanena kuwa ya haura 70. Zuciyata ce ke da matsala? Kuma yaya zan amfana da lambar nan wajen motsa jiki?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Ka kwantar da hankalinka, wannan lambar ita kaɗai ba ta nuna ciwon zuciya, kuma gwada taka da ta ƙanenka ba zai gaya maka komai ba.

Zuciya mai lafiya ba ta bugawa daidai wa daida. Ko da tana bugawa sau 60 a minti, tazarar da ke tsakanin wannan bugu da na gaba takan ɗan bambanta: wani lokaci ta haura sakan ɗaya kaɗan, wani lokaci ta gaza. Wannan bambanci shi ne HRV, kuma ana ƙirga shi da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Kana iya jin alamarsa da kanka. Ka dafa jijiyar wuyan hannunka, ka ja numfashi a hankali, za ka ji bugun ya ɗan ƙara sauri. In ka sake numfashin sai ya lafa.

Jijiyoyi iri biyu ne ke sarrafa wannan ba tare da saninka ba, kamar totur da birki a mota. Na farko suna zaburar da zuciya idan aka shiga tsoro, damuwa ko aikin ƙarfi. Na biyu, wanda babbarsu ita ce jijiyar da likitoci ke kira vagus, suna lafar da ita lokacin hutu da barci. Idan jiki ya huta, birkin nan yana taɓa zuciya a kowane numfashi, sai tazarar ta yi ta sauyawa, lambar ta hau. Idan jiki na cikin wahala, sai bugun ya zama kusan iri ɗaya, lambar ta sauka.

Likitoci sun daɗe da sanin abin kafin agogo ya shigo da shi kasuwa. A 1987 wani bincike da Kleiger da abokan aikinsa suka yi a Amurka ya gano cewa a cikin waɗanda suka taɓa samun mummunan ciwon zuciya na toshewar jijiyar jini, masu ƙaramin HRV sun fi fuskantar haɗarin mutuwa. Amma fa marasa lafiya ne aka auna, da na'urar asibiti, na tsawon awa 24. Kada ka ɗauki wannan ka ɗora a kan abin da agogonka ya nuna.

Dalilin da ya sa na ce ka bar batun ƙanenka: HRV yana raguwa da shekaru, gado ma yana da hannu sosai. Kamfanoni kuma ba lissafi ɗaya suke yi ba. Apple Watch yana amfani da wanda ake kira SDNN, Garmin da Oura kuwa RMSSD, don haka 40 a wannan ba 40 ba ne a wancan. Ga kuma yadda agogon ke aunawa, da haske yake leƙa gudun jini a fata. In ya yi sako-sako ko kana motsi, sai ya yi kuskure. Ɗamarar ƙirji irin Polar H10 ta fi shi daidaito.

Amfanin lambar yana wajen gwada kanka da kanka. Ka bar agogon ya auna ka cikin barci, ko ka riƙa aunawa da asuba kana tashi, kafin shayi ko kofi, a zaune ko a kwance, iri ɗaya kullum. Bayan kamar mako uku za ka san inda taka ta saba tsayawa. Daga nan sai ka riƙa duba matsakaicin mako, ba na kwana ɗaya ba. Faɗuwar rana guda ba abin damuwa ba ce: ƙarancin barci, cin tuwo mai nauyi dab da kwanciya, ƙishirwa a zafin Afrilu, ko ɓacin rai duk suna jawo ta. A watan azumi ma, da lokacin barci ya sauya, kada ka yi mamakin ganin ta rikice.

Idan ta yi ƙasa kwana uku ko huɗu a jere, bugun zuciyarka na hutu kuma ya ƙaru, ga kasala, to ka sassauta: maimakon gudu ka yi tafiya, ka sha ruwa, ka yi barci. Wani lokaci irin wannan kan riga mura ko zazzaɓi bayyana. In jiki ya yi zafi, je ka a gwada maleriya, kada ka tsaya kallon agogo. Ni a ganina mutane sun fi samun matsala ta ɗaya ɓangaren, wato lambar ta hana su fita alhali jikinsu garau yake. Ranar da ka ji ƙarfi, ka fita.

Abu ɗaya da ba a cika faɗa ba: lamba mai yawa ba kullum take nufin lafiya ba. Idan bugun zuciya ya rikice ya rasa tsari, HRV kan yi tsalle ya hau sama fiye da kima. Saboda haka in ka ga ta ninka ba dalili, ko kana jin faɗuwar gaba, ciwon ƙirji, jiri, suma ko haki da ɗan aiki kaɗan, ka je asibiti a yi maka gwajin ECG, wato gwajin da ke nuna tsarin bugun zuciya, ko ma me agogon ya nuna. A shekarunka ma ya kamata ka riƙa auna hawan jini da sukari, domin HRV ba ya maye gurbinsu. Idan kuma kana shan maganin hawan jini ko na zuciya, ka gaya wa likitanka kana bibiyar lambar, don wasu magungunan suna sauya ta.