Ƙarar injin ruwa ta hana maƙwabcina barci

Tambaya: Assalamu alaikum. Tun da aka buɗe tashar Tsatsadu mai samar da wutar lantarki da ƙarfin ruwa, mai kilowat 45, a Alavanyo ta ƙasar Gana a 2020 nake sha'awar abin, har na kafa ƙaramin inji mai kilowat 5 a rafin da ya ratsa gonata. Wuta dai alhamdu lillahi, amma maƙwabcina da ke tazarar mita 40 ya ce ba ya runtsawa. Me zan yi? Daga wani mai karatu a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sayi ko buhun siminti ɗaya sai ka tsaya ka saurari irin ƙarar, domin wata gini ke maganinta, wata kuwa ciwo ne a jikin inji.

In ka ji kamar tsakuwa na bi ta cikin bututu, matsin ruwa ne ya faɗi a bayan farfela, ruwan ya yi ƙananan kumfa, suna fashewa a jikin ƙarfe. Wannan ita ce mai haɗari. Buɗe ka duba, za ka ga farfelar ta yi ramuka ƙanana. An fi samunta a nau'in injin da ake kira Francis ko famfon da aka juya ya zama inji, idan an ɗora shi sama da yawa daga fuskar ruwan mafita. Sai a sauko da shi. Gurnani tare da zafi kuma boris ne, ko giris ya ƙare ko ya yi yawa. Ƙugi mai tsini, bel ne ya saki.

In duk lafiya lau, to ƙarar aiki ce: ruwa na dukan farfela, janareta na juyi 1500 a minti. Yawancinta ba ta bango take fita ba, ta ramin da ruwa ke fita take sulalewa, kuma nan mutane suka fi mantawa. Rataya labulen roba mai kauri a bakin ramin, ƙasansa ya nutse kamar santimita 10 cikin ruwa. Ruwa zai wuce ta ƙasa, ƙara ta tsaya ciki. Aiki ne mai arha, shi ya kamata ka fara.

Sannan ɗaki. Kwanon rufi ba ya tare komai, ƙara ma yake yi. Yi bango da bulo marar rami, a yi masa filasta, ƙofar katako mai nauyi da roba a gefenta. Amma kada ka toshe ɗakin ruf, janareta zai ɗau zafi ya ƙone. Bar hanyar iska biyu, ɗaya ƙasa ɗaya sama, kowacce a lanƙwashe, su juya wa gidan maƙwabci baya. Sa roba tsakanin ƙafafun inji da daɓe.

Ƙa'idar hukumar kare muhalli ta Gana a unguwar zama ita ce kada ƙara ta wuce disibel (ma'aunin ƙarfin ƙara) 55 da rana, 48 da dare. Auna da waya: duk ninkin tazara yana rage kusan 6, wato in ka sami 65 a mita 10, kusan 53 ke isa gidan maƙwabcinka, wanda ya wuce ƙa'idar dare. Kai kuma toshe kunne in za ka daɗe a ɗakin, domin 85 na tsawon awa 8 kullum yana lalata ji.